Kwat Ɗin Baba

Zuwa ga Aku,

Sallama, da gaisuwa gwargwadon abin da zuciyata ta iya a yau. Ina fatan kana lafiya, don ba na jin ciwo ne ya hana ka ɗaukar waya. Mu nan sai godiya. Yara suna makaranta, maigidan yana fama da bayansa, Inna kuwa idon ya ƙara yin ƙasa, ko fitila aka kunna sai dai ta ji ƙarar makunnin. Takarda na zaɓa saboda abin da ke bakina ba na waya ba ne. Ɗakin Inna yana jikin nawa, kuma ka san kunnenta bai tsufa ba.

Ka tuna ranar da ka zo gidan nan kana wani sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ka ce ka rubuta wasan kwaikwayo a kan mai duba tikiti a jirgin ƙasa, don tunawa da Baba, kana son aron kwat ɗinsa ta aiki ka saka a kan dandamali. Na ce maka a'a. Na ce tun rasuwarsa kwat ɗin nan ba ta kwana ko'ina ba sai a gadon Inna. Ka zagaya ta bayana ka je ka durƙusa a gabanta, ita kuma da ba ta iya hana ka komai tun kana ɗan makaranta a gidan nan, ta ce a ba ka. Ka yi alkawarin kafin wata ya mutu ka dawo da ita. Watan ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ga shi yana shirin bin sahu.

Ba ma wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Direban babbar motar nan, mijin maƙwabciyata, ya kai kaya birninku, ya ce bari ya je ya ga wasan ɗan'uwanmu. Ya dawo yana ba mu labari yana ƙyaƙyatawa. Wai ka fito da kwat ɗin Baba kana ɗingishi, kana lalube aljihu kana neman tabarau alhali yana kan goshinka, ɗaki cike da mutane suna dariya har da buga ƙafa.

Aku, ɗingishin Baba ne abin dariya? Ƙafar da ƙofar tarago ta murƙushe, ya yi ta jan ta zuwa aiki don mu ci mu ƙoshi, har da kai? Kakarka da kakata ne ciki ɗaya, ba wani kusa ba, amma da aka rasa inda za a ajiye ka ka yi karatu, shi ya ce a kawo ka. Shi ya laƙa maka Aku don ba ka bar kowa ba da kwaikwayo. Ashe har shi ba za ka bari ba, ko bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Ka aiko da kwat ɗin ta hannun direban.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Amin wa alaikis salam. Ina lafiya, sai muryar da ta ɗan dishe, abin da ba a rasa ba a sana'armu. Ki gaida maigidan da yara, ki riƙe min hannun Inna ki ce Aku yana gaishe ta. Wasiƙarki ta daɗe a kantin takalman da ke ƙasan benenmu kafin mai kantin ya tuna da ita, shi ya sa kika ji shiru. Waya kuwa a kashe take tun daga la'asar, ƙa'idar gidan wasanmu ce. Na karanta sau ɗaya na ajiye, don na ga har yanzu da jan biro kike kallona, kamar ina ajinki.

Tunda ba ki taɓa tako ƙafarki nan ba, bari in nuna miki inda nake. Layi ne guda a tsakiyar birni. Daga bakinsa akwai sinima mai ɗakuna da yawa, kusa da ita gidan 'yan barkwanci, inda mutum ɗaya zai tsaya da makirufo yana zagin surukarsa ana tafi. Gaba kaɗan gidan makaɗa da 'yan rawa, su ne ke hana mu jin kanmu in sun tashi gwaji. A tsallaken titi kuma babban gidan wasa ne mai jan labule da kujeru masu laushi, wanda duk ɗan wasan layin nan yake mafarkinsa. Mu kuwa muna saman kantin takalma, matakalarmu ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Da magariba in fitilun allunan talla suka kama, kowane gida yana jan mai wucewa ta hannun riga. Mutum yana da zaɓi iri-iri a layin nan, amma sai ya wuce su duka ya hau matakalar nan tamu don ya kalli Baba. Wannan ne kike kira wulaƙanci.

Direbanki ya faɗa miki an yi dariya. Gaskiya ne. Ya faɗa miki ya fita kafin a kai rabi, don ya bar motarsa a inda ba a ajiyewa? Bai ga wurin da Baba yake kama matar da ba ta da tikiti ba, ya cika tarago da faɗa da usur, sa'an nan ya ja ta ita da goyonta ya zaunar a kan kujerarsa, shi ya yi tafiyar a tsaye a kan wannan ƙafar. A nan ɗakin yake yin tsit. Tabarau kuwa, ke da kanki kin sha ɓoye fuska a bayan ƙofa kina dariyarsa, shi ma yana taya mu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, Yaya, ba a bakin direba ba.

Na ga kin ƙirga min kakanni. Ba yau kika fara ba. Ina yaro ma in baƙi suka zo, ke ce mai saurin cewa "ɗan dangi ne, karatu ya kawo shi." Baba bai taɓa faɗin haka ba. "Yarona" yake cewa.

Kwat tana nan lafiya. An ƙara mana kwanaki saboda mutane sun ƙi ƙarewa. Ki yi min haƙuri kaɗan.

Ƙaninki, ko kin so ko kin ƙi,
Aku

*

Aku,

Gaisuwa. Muna lafiya, ban da Inna da barci ya fara yi wa wuya. Ban gaya mata saƙonka ba, don in na ambaci sunanka tambaya ɗaya ce za ta biyo baya, ni kuma ba ni da amsarta.

Na gode da yawon buɗe ido da ka kai ni. Na ga sinima, na ga mai zagin suruka, na ga jan labule. Abu ɗaya na fahimta a cikin dogon bayaninka: ubana ya shiga jerin kayan da ake tallatawa a layinku, tsakanin 'yan rawa da mai barkwanci, kuma kasuwarsa tana ci. Ka ce mutane suna wuce kowa su hau bene su kalli Baba. Baba yana kabarinsa. Kai suke kallo kana jan ƙafar da lafiyarta ƙalau.

Ka ce kwat tana nan lafiya. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Direban da ka raina ya koma, kuma wannan karon ya zauna har aka tashi, don ni na roƙe shi. Wuri ya cika, sai a kujerar gefe aka sa shi, inda ake hango bayan labule. Ya ce da idonsa ya ga wata mata ta tsaya a bayanka, ta ja wani abu daga wuya har ƙasa, kwat ɗin ta rabe biyu ta zame ta gabanka. Ya ce zif ne. Na ce ƙarya yake, kwat ɗin Baba ba ta da zif, maɓallan tagulla ne a gaba, ni nake goge masa su da toka tun ina ƙarama. Ya rantse.

Ina so ka amsa min da e ko a'a, ba da wasan kwaikwayo ba. An sa wa kwat ɗin Baba almakashi?

Maganar "ɗan dangi" kuwa, tunda ka tono ta, ni ce nake wanke maka kayan makaranta, ni nake rage maka abinci in ka tsaya yawon kwaikwayon mutane a tasha. Ban ga ka sa wannan a wasanka ba.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa gaisuwarki duk da gajartarta. Ina lafiya. Rashin barcin Inna ya tsaya min a rai, Allah ya ba ta sauƙi.

E, an sa mata almakashi. Amma ki tsaya ki ji kafin ki yanke hukunci, in kin iya.

A ƙarshen wasan akwai wurin da Baba yake tsaye a tarago da kwat, a kashe fitila, a kunna, sai ga shi zaune a tsakar gida da 'yar shara, ya yi ritaya, yana jin kukan jirgi daga nesa yana duba agogo. Tsakanin kashewa da kunnawa numfashi ɗaya ne. Maɓallan nan kin san taurin kansu, Baba ma sai ya zauna yake ɓalle su. Mun gwada, 'yan kallo suna zaune a duhu har wani ya fara tari, wani ya kunna wayarsa. Mai ɗinkinmu, wadda muke kira Allura, ta ce haka ake yi a kowane gidan wasa: a farke ɗinkin baya, a sa zif, a rufe shi da shafi. Ba yadin ta yanka ba, zaren ɗinkin kawai ta bi. Ina wurin, kuma ni na ce ta yi. A nan duk rigar da ta shigo ɗakin shiri haka ake mata, ba wanda yake ɗaukar abin a bakin komai. Na san ke za ki ɗauka, shi ya sa na yi shiru.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Manajan babban gidan nan na tsallaken titi ya hau matakalarmu da kansa, ya zauna har ƙarshe, ya ce yana so mu kai wasan gidansa bayan 'yan rawan da ke ciki sun gama. Yaya, na tsufa a saman kantin takalma ina leƙen jan labulen nan ta taga. Allura ta ce za ta iya ɗinka min wata kwat irinta. Na gwada wata da muka samo a gwanjo, na fito kamar mai gadin banki. In na saka ta Baba kafaɗata da kanta take sauka yadda tasa take, ƙafar ma ba sai na tuna mata ba. Ba zan iya yi miki bayaninsa ba, ke da ba ki yarda da abin da ba a rubuta a allo ba.

Ki ba ni zuwa ƙarshen wasanmu a can. Inna ce ta ba ni, ba ke ba. Ki tambaye ta, na san abin da za ta ce.

Aku

*

Aku,

Ba ni da gaisuwa mai tsawo. Inna ba lafiya. Ta daina cin abin kirki, tana kwana tana shafa gefen gadon da kwat ɗin take zama. Likita ya zo ya ce bai ga wani ciwo ba ban da tsufa.

Ka ce in tambaye ta. Ba zan tambaye ta ba, don na san za ta ce a bar maka, ta juya ta ci gaba da shafa katifa. Ka san haka, shi ya sa ka ce a tambaye ta. Wannan wayon naka ya fi almakashin ciwo.

Kafaɗarka da jan labulenka su dame ka. Ka cire kwat ɗin daga jikinka ka ba direba, jibi zai shigo birninku. Kada Allurarku ta sake taɓa ta. Ka aiko ta yadda take, da zif ɗin da komai, ni na san yadda zan yi da Inna. In ya dawo hannu biyu, ni zan zo, kuma ba ta matakala zan tsaya ba, a gaban 'yan kallonka za mu yi ta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki. Allah ya sa kaffara ne.

Ga kwat nan a hannun direba, tare da wannan takarda. Ba barazanarki ce ta sa ba, kada ki ɗauka. Tun ranar da na aika miki waccan wasiƙar na kasa sakewa da maganar barcin Inna, na cire kwat ɗin na ba Allura. Taki ta iso bayan aikin gama ya gama. Direban ya zo a zuwansa na farko na ce ya dawo, don ba zan mayar wa Inna kaya a farke ba, ko ke kin yarda.

Ki duba bayan da kyau, da tabaranki na duba jarrabawa. Allura ta cire zif, ta mayar da ɗinkin da hannu, a kan ramukan allurar farko, da zare irin na da wanda ta sha yawo kafin ta samu. In kin gano wurin, ki kira ni maƙaryaci. Na goge maɓallan da kaina. Sa'an nan na kai ta gidan wankin da ke yi wa babban gidan wasa aiki, suka wanke ta ciki da waje, suka yi mata guga. Mu a sana'armu ba a mayar da kayan aro da gumin ɗan wasa da hodar fuska a wuya, abin kunya ne. Har tsohon baƙin nan na wuyanta da na bakin hannu ya fita. Tun da na san kwat ɗin nan ban taɓa ganin ta da kyau haka ba.

Jiya na yi wasa da ta gwanjo. Manajan tsallaken titi yana nan, ya tashi kafin a gama. Ban san abin da zai ce ba, kuma na san ba ki damu ba.

Kin samu abin da kike so. Ki gaya wa Inna na cika alkawari.

Aku

*

Aku,

Saƙo ya iso. Muna nan yadda ka sani.

Tun kafin in buɗe takardarka na san abin da ka yi, don ina kwance ledar ƙanshin sabulun ya buge ni. Na zauna a bakin ƙofa da ita a cinyata na rasa abin yi. Na duba bayan, tunda ka ce in duba. Ban gano wurin ba. Ka gaya wa Allura hannunta yana da kyau.

Na kai wa Inna. Na ce, "Inna, ga kwat ɗin Baba, Aku ya aiko." Ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta karɓa, ta bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta kai ga wuyan, sai ta ɗaga ta ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe a haka. Ta juya ta, ta shinshina hammata, ta shinshina bakin hannu. Sa'an nan ta miƙo min, ta ce, "Wannan ta waye?"

Na ce ta Baba ce. Ta ce, "A'a, 'yar nan, an yi musanye. Ki mayar wa mai ita kada ya nema." Na ce ta taɓa aljihun da ta taɓa yi wa faci da hannunta. Ta taɓa, ta ce facin nata ne, amma rigar ba tasa ba ce. Ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Baƙin nan na wuya da kake murnar ya fita, shi ne Baba. Man gashinsa ne da guminsa da hayaƙin jirgi. Matar da ba ta gani, da me kake tsammani take gane mijinta? Ba a taɓa wanke kwat ɗin nan ba tun ranar da ya rataye ta. Ban gaya maka ba don ban taɓa zaton akwai wanda sai an gaya masa ba. Na yi ta faɗa da kai a kan zif, ashe da ka aiko ta a farke, da hodarka da guminka a kan nasa, da wataƙila ta same shi a ƙarƙashinsu. Garin neman gira ka rasa mana ido.

Na san ba da mugunta ka yi ba. Na so a ce da mugunta ne, da na fi sanin yadda zan yi da kai. Ina jin haushinka, Aku, haushin da ban taɓa ji ba, kuma ba na jin zai wuce da wuri.

Direba zai kawo maka kwat ɗin. Inna ta ce a mayar wa mai ita, kuma yanzu kai ne mai ita. Ka sa Allura ta mayar da zif, ka je ka same manajan, ka hau dandamalinsa. Kayan wasa ce, ba ta da sauran aiki a gidan nan.

Kada ka kira, kada ka zo tukuna. Kullum da safe in na kai mata ruwan wanka sai ta tambaye ni yaushe Aku zai kawo kwat ɗin Baba. Ina ce mata kana hanya.

Yayarka